Ranar Da Bebe Ya Yi Waƙa

Masu rubuta waƙa a kan ƙuruciya, in ka bincika, kusan duk masu furfura ne. Ban taɓa ganin yaro ya zauna yana yabon yarinta ba, shi burinsa ya girma a daina aikensa. Sai mutum ya fara lalube kafin ya zura zare a allura, gwiwa ta fara ƙara in zai tashi daga tabarma, sannan zai ɗauki alƙalami ya ce wai yaro farin ƙyalle ne, zuciyarsa madara ce, ba ya kwana da damuwa. Na ji irin waɗannan waƙoƙi a rediyo, na ji su a bakin 'yan makaranta, kuma ba na musun daɗinsu. Abin da nake cewa kawai, masu su sun manta da ƙaya. Sun manta da yunwar hantsi, da ƙaiƙayin gero a wuya, da irin dariyar da sa'anninka za su yi maka har ka gwammace ƙasa ta tsage ka shige.

Abin da ya tayar mini da wannan magana jikata ce, Jidda, 'yar ɗana Kabiru, wanda nake zaune a gidansa a nan Kazaure tun da ƙarfin noma ya bar ni. Yarinya ce mai kai, in ta ji abu sau ɗaya ta riƙe shi. Sai dai Allah Ya jarrabe ta da in'ina, kuma ba sai an yi dogon bincike ba a san inda ta samo ta. Wasu kakannin gona suke bar wa jikoki, ni harshe mai tuntuɓe na bayar, tun ina raye kuwa. Malamarsu ta zaɓe ta ta karanta wata waƙa a kan ƙuruciya ranar taron rufe makaranta, gaban iyaye da manyan baƙi, saboda ita ta fara haddace ta a ajin. Ranar gwaji sai kalmar farko ta maƙale mata, wani yaro daga baya ya kwaikwaye ta, aji ya fashe da dariya. Tun daga nan Jidda ta rufe baki. In an tambaye ta a gida sai ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Gaisuwar safen da take zuwa ta yi mini, ina ce mata uwargida ina tuwona tana ce mini tsoho ba ya cin tuwo sai kunu, ita ma ta koma durƙuso da sunkuyar da kai kawai.

Wata rana bayan la'asar ubanta ya zo ya zauna a gefen tabarmata.

Ya ce, "Baba, gobe zan je in sami malamar nan, ta cire ta ta sa wata. Ba zan zauna a yi wa 'yata dariya a bainar jama'a ba."

Na ce, "In ka cire ta, me ka gaya mata ke nan?"

"Ban gane ba, Baba."

"Ka gaya mata masu dariyar su ne da gaskiya. Ka bar mini ita kwana biyu. In na kasa, ni da kaina zan raka ka wajen malamar."

Bai ji daɗi ba, amma bai yi musu ba. Na san tausayi ne ya sa shi, sai dai na san inda irin wannan tausayi yake kai yaro, don ni an yi mini shi. Washegari da hantsi na kira Jidda, na ce ba karatu zan sa ta ba, labari zan ba ta, ita nata saurare.

A wani ɗan ƙauye na tashi tsakanin Roni da Gwiwa, a cikin duwatsun nan da in rana ta take za ka ga awaki sun lafe a inuwarsu. Ba agogo muke da shi ba, kunne ne agogonmu. Ƙarar guga a bakin rijiya ita ce asuba, luguden mata shi ne hantsi, in ka ji kukan jakunan masu dawowa daga kasuwa to yamma ta yi. Yanzu in na tashi da safe abin da nake fara ji shi ne babur da injin niƙa, sai wayar wani tana kiran salla kafin ladan. Ba na ce na da ya fi ba, don uwata ta niƙa dawa a kan dutse har hannunta ya yi kanta, da ta ga injin nan da ta sa masa albarka. Amma a lokacinmu kowane aiki da muryarsa. Mai niƙa tana da tata waƙar, mai raino tana da tata, masu gayya suna da tasu, mu ma yara muna da tamu. Ni kaɗai ne ba ni da komai. In na buɗe baki zan ce Inna, sai in tsaya a kan harafin farko kamar jaki a bakin rafi. Manya suka yi ta tausaya mini. In za a yi aike mai saƙon baki sai a ce a bar shi, a tura ƙanensa Ilu. In baƙo ya tambaye ni sunana sai wani ya yi sauri ya amsa mini. Da haka da haka na daina gwadawa, yara suka sa mini suna Bebe, sunan ya bi ni har manya suka kama.

Aikin da ba ya buƙatar magana shi ake ba ni, kuma babba a cikinsu shi ne korar tsuntsaye. In damina ta ja baya, gero ya fitar da kai ya fara ƙosawa, sai janbaki su sauko. 'Yan mitsi-mitsi ne, amma in suka taso garke guda sai ka ce hadari, kuma gonar da suka yi wa zaman hantsi ɗaya mai ita sai ya sayi hatsi a shekarar. Don haka kowane magidanci yakan kafa rumfa mai tsayi a tsakiyar gonarsa, a shimfiɗa kara a samanta, a ja igiyoyin rama daga rumfar zuwa kusurwoyin gona, a rataya musu gwangwanaye da fasassun ƙore da tsummoki. Yaro ya hau sama tun gari bai gama wayewa ba, in ya hango garken ya girgiza igiya, ya wurga majajjawa, ya ƙwalla ihu iya ƙarfinsa. Daga gonarmu ta kufai, wadda ita ce ta ƙarshe wajen dutse, har zuwa bakin gari, rumfuna ne a jere, kowace da ɗan mutum a kai. Abincinmu fura ce in an tuna da mu, in ba a tuna ba mu karya kan gero mu gasa tumu, a dawo gida a sha faɗa.

Ihu yana cin maƙogwaro, shi ya sa waɗanda suka riga mu suka bar mana waƙa. Amshinta ɗaya ne, kowa ya san shi: Kau da bakinka, janbaki. Baitocin kuwa kowa ƙirƙiro nasa yake yi. Al'adar ita ce, in wani ya jefo sabon baiti, na rumfar kusa ya amsa, sannan ya juya ya rera shi ga na gabansa, ya faɗi mai shi, haka har ya kai bakin gari. Baitin da ya mutu a hanya abin kunya ne ga wanda ya kashe shi. Kuma ina ma mawaƙan nan masu farin ƙyalle sun ji abin da muke rerawa. Ba madara a ciki ko ɗigo.

Mai gona na inuwa, ni rana na gasa ni,
Kau da bakinka, janbaki.
Ɗumamen safe ya narke, ciki na ta ƙorafi,
Kau da bakinka, janbaki.
Wandon Ɗanlami ya yage, iska na ta leƙe,
Kau da bakinka, janbaki.

Ɗanlami shi ne na rumfar da ke kusa da tamu, kuma shi da kansa yake wuce da baitin wandonsa, don doka ce. Ni ina amshi a cikin taro, kuma na lura in muna amshi harshena ba ya sarƙewa, amma na ɗauka muryoyin wasu ne suke ɗauke da tawa. Ban taɓa jefa baiti ba. In an zo wucewa da na wani, Ilu ne yake yi mana.

Ranar da abin ya faru, rana ta kusa take tsaka, manya duk sun koma gida. Ilu ya hango fakara da 'ya'yanta a gefen gona, ya diro daga rumfa ya bi su wajen gindin wata kanya. Ina kallonsa yana gudu, sai na ga babu shi. Ba ƙara, ba komai, ciyawa ce kawai ta motsa. Ashe akwai tsohuwar rijiyar mutanen kufai a wajen, ciyawar damina ta rufe bakinta. Da na isa na leƙa, sai na hango shi can ƙasa, ruwa har ƙirjinsa, yana cewa laka tana jan ƙafarsa. Na tsinko igiyar gwangwani mafi kusa na zura masa. Ta isa hannunsa, amma abin da ya rage a sama bai kai in ɗaure a jikin kanya ba. Sai na naɗe ta a hannuna, na zauna na tokare ƙafafuna da wani dutse. Ba ni da ƙarfin jawo shi. In kuma na saki na ruga gida, kafin in dawo laka ta gama da shi.

Na yi ihu. Wallahi na yi ihun da ban taɓa yi ba. Sai na ji Ɗanlami ya amsa mini da nasa ihun yana girgiza gwangwanayensa, ya ɗauka garke na hango. A lokacin korar tsuntsaye ihu ba labari ba ne, tun asuba shi kowa yake yi. Na gwada kiran sunansa, harafin farko ya tsaya mini a wuya, na yi ta kokawa da shi har jijiyoyin wuyana suka tashi. Igiya tana cin tafin hannuna, Ilu yana kuka a ƙasa yana cewa, "Yaya, kar ka saki. Yaya, don Allah kar ka saki." Ban san lokacin da na yanke shawara ba, don ba shawara ba ce. Na dai ji bakina ya ɗauki muryar waƙarmu.

Ilu na cikin rijiya, can gindin kanya,
Igiya na hannuna, hannu ya gaji,
A gaya wa Baba ya zo da maza.

Ko tuntuɓe ɗaya ban yi ba. Sai na ji Ɗanlami ya ƙyalƙyale da dariya, ya amsa, kau da bakinka janbaki, ya juya gabas ya ƙwalla, "Sabon baiti! Na Bebe ne!" Ya rera shi tiryan-tiryan. Na gaba ya karɓa. Ina zaune jini yana bin igiya, ina jin mutuwar ƙanena tana tafiya daga rumfa zuwa rumfa cikin tafi da shewa, tana ƙara nisa har na daina jin ta. Ba wanda ya sauko ya duba. Su dai sun sami sabon baiti, kuma na Bebe, ai abin murna ne. Na ji haushinsu a lokacin kamar in mutu.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, gidanta ne na farko a bakin gari. Tana daka a gindin bishiya sai ta ji 'yan matan rumfar ƙarshe suna rera abin suna rawa. Ta tsaya da taɓarya a sama ta ce, "Ke Lami, baitin wa ke nan?" Yarinyar ta ce, "Na Bebe ne, Gwaggo." An ce taɓaryar ma ba ta ajiye ba, sakinta ta yi. Ta ruga zauren babanmu ko mayafi babu tana cewa, "Yaya, ku tashi da igiya! Bebe ya yi waƙa, ba lafiya ba!" Maza suka ɗauki igiyoyin guga suka yanki gonaki. Lokacin da suka iso, ruwa ya kai wa Ilu haɓa, ni kuma sai da aka ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya kafin a raba ni da igiyar.

Da daɗewa bayan nan, in aka tayar da zancen, Gwaggo takan ce waƙar yaro ba a jin ta da kunne ɗaya. Takan ce yara suna ƙarya a kan wando da ɗumame, amma ba sa ƙaga rijiya har da inda take. Kuma ita ce ta hana a doke su Ɗanlami, don babanmu ya so ya yi. Ta ce, "Da sun san abin da suke ɗauke da shi, da na farko ya ruɗe ya fashe da kuka, na biyu ya gudu ya ɓuya don kar a ce da shi. Don ba su sani ba ne ya iso." Na yi shekaru ina juya maganar nan. In akwai wani tsarki a ƙuruciya, to ni a nan na gan shi. Ba wai yaro ba ya mugunta ba ne, ni da aka kira Bebe na fi kowa sani. Abin da yake da shi shi ne, duk abin da ka miƙa masa zai karɓa da hannu biyu ya wuce da shi gaba, bai tsaya aunawa ba. Ka miƙa masa dariyar wani, ya wuce da ita. Ka miƙa masa ran wani, shi ma ya wuce da shi. An ce ƙuruciya dangin hauka, to wannan haukan ne ya fito da Ilu daga rijiya.

In'ina ba ta bar ni ba, har yau in raina ya ɓaci takan leƙo. Amma tun daga ranar Gwaggo ta kafa doka a gidanmu: in na fara magana ba mai ƙarasa mini, ko da tuwo zai huce. Aiken baki kuwa ni ta riƙa turawa da gangan.

Da na kai nan a labarin, sai na buɗe wa Jidda tafin hannuna na dama. Tabon yana nan, fari, ya ratsa daga gindin ɗan ali zuwa gefe. Ta sha ganinsa, ba ta taɓa sanin mafarinsa ba. Ta sa yatsa ta bi shi a hankali. Ban matsa mata ba. Na dai fara rera mata muryar waƙar ƙasa-ƙasa, da wannan maƙogwaron nawa da ya zama kamar tsohon ƙyaure. Da yamma na ji ta a bayan ɗaki tana gwada ɗora waƙar makarantarsu a kan muryar. Na kira Kabiru da hannu ya zo ya saurara, sannan ya koma ciki. Maganar zuwa wajen malama ba ta sake tasowa ba.

Na buga wa Ilu waya. Yana Babura yanzu, dillancin hatsi yake yi, ya yi tumbi ya yi jikoki, in yana lissafi rabi naira rabi sefa. Na ce masa ranar kaza ina nemansa. Ya ce, "Yaya, ranar kasuwa ce fa." Na ce, "Ni ma ranar da na riƙe igiya ina da abin yi." Ya yi dariya har da tari, ya ce zai shigo motar farko.

Ranar taron aka kafa rumfuna a filin makaranta, iyaye a kan kujerun roba, yara a ƙasa a jere. Aka kira Jidda. Ta fito da farin hijabinta, aka rage mata tsawon abin magana, ta buɗe baki za ta karanta yadda aka koya musu. Kalmar farko ta tsaya. Ta sake gwadawa, ta sake tsayawa. Na ji 'yar dariya ta fara tashi daga bayan yara, na ga Kabiru ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, malamar kuma ta ɗaga ƙafa za ta matso. Na san in aka karɓe abin maganar nan daga hannunta, ba za ta ƙara karɓar wani ba.

Sai ta rufe ido, ta ɗauki muryar. Baitin farko ya fita sumul, wannan mai cewa yaro fari ne tas ba shi da damuwa. Ta kai ƙarshensa ta ɗan dakata, wajen da amshi yake shiga, fili ya yi tsit don ba wanda ya san akwai amshi. Sai Ilu ya miƙe da tumbinsa da babbar rigarsa, gaban manyan baƙi, ya ƙwalla kamar yana kan rumfa, "Kau da bakinka, janbaki!"

Aka kwashe da dariya, amma wannan karon shi ake yi wa. Jidda ta shiga baiti na biyu. Da ta kai ƙarshe, ni da Ilu muka amsa tare. A na uku sai yaran suka karɓe mana, ajinsu da ma waɗanda ba ajinsu ba, har da tafi. Yaran da ba su taɓa ganin janbaki ba, ba su san me ya haɗa shi da waƙar farin ƙyalle ba, an dai miƙa musu sun karɓa. Yaron da ya kwaikwaye ta, an nuna mini shi daga baya, muryarsa ta fi ta kowa tashi. Na waiga na ga Kabiru yana amshi yana share ido da hular.

Na daɗe ina cewa zamani ya tafi da komai, rumfunan sun zama tarihi, gonarmu ta kufai ma an cike rijiyar an yi gidaje a wajen. Ranar na gane rumfunan ne kawai suka tafi. Yaran suna nan yadda muka bar su, abin da za a jefa musu kawai suke jira.

Da aka tashi, ta ratso cikin mutane ta zo inda muke. Ilu yana ta tsokanarta wai sai ta biya shi ladan amshi. Ba ta kula shi ba. Ta kamo hannuna na dama ta buɗe shi, ta ɗora nata a kan tabon. Na ga leɓenta yana rawa, maganar ta maƙale. Ubanta ya buɗe baki zai taimaka mata, na ɗaga masa hannu, ya yi shiru. Muka jira, mu uku, a tsakiyar hayaniyar filin, har ta fito da ita da kanta.

"Ba-Ba-Baba Tsoho, ni ma ban sa-saki ba."